Ranar da Indo Ta Ƙi Rantsuwa

"Ba zan rantse ba," in ji Indo.

Kwandasta ya juyo, hannunsa a miƙe. "Hajiya, wa ya ce ki rantse? Kuɗin mota na ce."

Motar Kubwa ta ɗauki dariya, har da wani mai kwat da ke gyangyaɗi jikin taga. Indo ta ja gyale ta rufe baki. Ita fa ba da kwandasta take ba. Tun da ta idar da sallar asuba take bitar maganar nan. Ta faɗa wa madubi, ta faɗa wa tukunyar koko, ta faɗa wa mijinta Malam Manniru, har sai da ya ce in ta ƙara faɗa masa zai soma zargin kansa.

Indo dai awara take soyawa bakin tashar Utako shekara da shekaru, ido ɗaya kan kasko, ɗaya kan hanya saboda masu kamen 'yan talla. To gwiwa ta soma ƙin gudu. Ana nan sai wata ƙungiya ta buɗe tirenin a saman wani bene bayan kasuwa, ana koya wa mata yadda ake kula da tsofaffi da marasa ƙarfi a gidajensu. Indo ta shiga da ƙafar dama, tana cewa me za a koya mata, ita da ta yi jinyar uwar mijinta har Allah ya ɗauki abinsa.

Ashe akwai. Nan ta ji wai ko bargo ba ka yaye wa tsoho sai ka nemi izininsa. Nan ta koyi ɗaga mutum daga gado ba tare da ta karya shi ko ta karya bayanta ba. Aka koya musu duba jiki lokacin wanka, ko akwai tabon da faɗuwa ba ta kawo irinsa. Aka koya musu lura da gidan da in ka tambayi tsohuwa lafiya, wani ne ke yin wuf ya amsa mata. Duk wannan Indo ta haye, har Madam Christina, tsohuwar nas ɗin da ke koyar da su, takan ce, "Ku kalli hannun Indo."

Abu guda ne ya kayar da ita. Madam ta sha faɗa musu: "In tsoho ya ce zai gaya miki magana amma kar kowa ya ji, kada ki yi alkawari. Ki saurare shi, ki yarda da shi, amma ki gaya masa gaskiya, in ana cutar da shi sai kin sanar da wanda zai taimaka." Indo ta gyaɗa kai tare da kowa.

Ranar jarrabawar firaktikal aka kawo Mama Catherine, wata tsohuwa daga Abaji, wadda duk wasan kwaikwayon da zumuntar matan cocinsu za ta yi ita ce mai sa mutane kuka. Aka kwantar da ita a gadon aji, aka zana mata tabo a dantse da jambaki. Indo na shiga, tsohuwa ta kama hannunta ta ce, "'Yata, amana zan ba ki. Rantse ba za ki faɗa ba."

Kafin kan Indo ya tuna Madam, bakinta ya riga ya ce, "Wallahi tallahi, Mama, ba mai ji."

Yo haka aka rene ta. Babba ya ce amana, kai kuma ka tsaya ciniki? Tsohuwa ta yi mata raɗa a kunne. Da aka gama, Madam ta ce, "To Indo, kawo ripot. Me ta gaya miki?"

"Ba zan iya faɗa ba, Madam. Na rantse."

"Indo, wasa ne fa! Ni na shirya mata abin da za ta ce!"

"To ai kin sani ke nan. Wasan dai wasa ne, amma wallahin da na ce ba ta wasa ba ce."

Madam ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye, ta kuma kayar da ita tana dariyar. Ta ce za a ba ta dama sau ɗaya. Akwai wani gida a Gwarinpa da ke neman mai jin Hausa ta zauna da tsohuwarsu, in Indo ta haye aikin nata ne, in ta sake faɗuwa a ba wata. Yau ce ranar sake jarrabawar.

Ta hau benen tana dafa gwiwa. 'Yan ajin sun cika, duk sun karɓi satifiket ɗinsu tun wancan makon, amma ba wadda ta yarda a ba ta labari. Muhibba, ƙawarta mai sayar da zoɓo, ta tare ta a bakin ƙofa.

"Ke dai ki cije harshenki. In kika ji wallahi na tahowa, ki yi tari."

Mama Catherine na kwance, an ja mata zane har ƙirji, tana cin gyaɗa. Tana ganin Indo ta tura gyaɗar ƙarƙashin filo, fuskarta ta zube nan take kamar wadda ta kwana uku ba ta ga abinci ba.

Indo ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ta, ta nemi izini kafin ta gyara mata filo. Ta ga jambakin a dantse.

"Mama, me ya same ki a hannu?"

"Ƙofa ne ya buge ni." Hausar Mama Catherine ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai ɗaya ne a wurinta. Ta waiga hagu da dama, ta cafko hannun Indo. "'Yata, zo kusa. Kai kaɗai na yarda da shi a gidan nan. Rantse."

Wallahin ta taso tun daga cikin Indo, ta iso maƙogwaro. Muhibba ta yi tari daga baya. Indo ta haɗiye.

"Ba zan rantse ba, Mama."

"Eh?"

"Ba zan rantse ba. Amma ina jin ki."

Tsohuwa ta sake ta, ta juya fuska bango. Wannan kam ba ya cikin abin da Madam ta shirya, don an ga Madam ta ɗaga gira. Kafaɗun Mama suka soma rawa. "Na haifi kamarki. Na girmi uwarki. Yau ni ce zan roƙi yaro amana, ya ce a'a? Shi ke nan. Tafi. Bari na mutu da abina."

Gumi ya karyo wa Indo. Ta san wasa ne, ta ga gyaɗar da idonta, amma furfura furfura ce, kuma hawayen nan na gaske ne ke zuba a kan filo. A garinsu, wanda ya sa tsohuwa kuka ba ya kwana lafiya. Abin da ta haddace a mota duk ya gudu. Sai kawai ta zauna a ƙasa dirshan, ta jingina da ƙafar gadon.

"Ba inda za ni, Mama. In na rantse miki, ƙarya zan yi miki, ko kuma in zuba ido ana cutar ki ina riƙe da baki. Wanne kike so a ciki? Ni ba na son ko ɗaya. Abin da zan iya, ba zan kai maganarki kasuwa ba, maƙwabta ba za su ji ba. Mutum ɗaya zan gaya wa, Madam, don ita ta san hanyar taimako. In kina so ma a gabanki zan faɗa, ki ji da kunnenki ban ƙara gishiri ba."

Mama Catherine ta share hawaye da bayan hannu. Can ta juyo.

"Jikana ne. In zai fita aiki ya kulle ni a ɗaki, ya tafi da wayana. In na yi magana ya murɗe mini hannu."

"Na ji, Mama, kuma na yarda da ke. Ba laifinki ba ne. Yanzu me kike so a yi?"

"A buɗe mini ƙofa. Amma kar a kai shi polis."

"Wannan ma zan faɗa, yadda kika faɗe shi."

Indo ta miƙe, gwiwa ta yi ƙara, ta juya wurin Madam ta zayyana komai tiryan-tiryan, ba ragi ba ƙari. Madam ta cire tabarau.

"Indo, ki shirya. Gwarinpa na jiran ki ranar Litinin."

Muhibba ta rangaɗa guɗa har masu shagon ƙasa suka leƙo ko biki ake. Aka rungume Indo, aka ture mata ɗauri, wata mai suna Gift ta kama rawa ba kiɗa. Aka shigo da shayi da fanke. Indo ta kira Malam Manniru, ya ce alhamdu lillahi, yanzu tukunyar koko za ta huta.

Ana cikin hayaniyar Mama Catherine ta yafito ta. Suka fita baranda, inda ake hango rumfunan kasuwa. Tsohuwa na goge jambakin da bakin zane.

"Kai, ka ba ni wahala yau. Kukan nan, ko a coci ban taɓa yin irinsa ba."

"Ai kin kusa kashe ni, Mama."

Tsohuwa ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Zan gaya miki wani abu. Wannan ba na Madam ba ne, nawa ne. Tsakaninmu."

Indo ta ajiye kofin shayinta a kan bango.

"Maganin hawan jini da likita ya ba ni, na daina sha. Fitsari yake sa ni. Daga Abaji zuwa nan direba ba ya tsayawa, rannan sai da na ji kunya a cikin mota, gaban yara. Tun ranar nake zuba shi bayan tankin ruwa. Vivian 'yata tana gani kamar ina sha." Ta dafa goshi. "Ɗazu da na juya bango, ba duka ne wasa ba. Ɗakin ne yake juyawa."

"Sannu, Mama. Wannan abin kunyar ba ke kaɗai ba ce, kuma an ce mana likita na iya canja magani in bai karɓi mutum ba. Amma jiri ba abin ɓoyewa ba ne. Madam na da abin awo a jakarta. Ke za ki gaya mata, ko ni in faɗa kina tsaye?"

Mama Catherine ta saki baki. "Ke! An gama jarrabawa fa."

"Na sani, Mama."

"Kin riga kin ci. Ba wanda yake duba ki."

"Na sani."

Tsohuwa ta ƙare mata kallo daga ɗauri har silifa, ta ja tsaki mai tsawo.

"Da na sani, da na ƙara kuka na kayar da kai." Ta miƙo hannu. "To riƙe ni. Ni zan faɗa da bakina, kar ki je ki sa mini gishiri."

Indo ta tallabe ta ta gefen da aka koya mata, suka koma ciki a hankali.