Ciyawar Lambatun Alphonsus

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Alphonsus, Malam Sharafaddeen yake neman hanyar taimakon maƙwabcin nasa ba tare da ya kunyata shi ba. Lambunsa na kabeji yana kan gangaren rafin Dilimi. Ƙasa da shi akwai tsohon ramin haƙar kuza da ruwa ya cika, inda Alphonsus da matarsa Adaku suke kiwon kifin karfasa, abin da gidansu ya dogara da shi. Lambatu guda ne yake kwashe ragowar ban-ruwan lambun zuwa ramin, ciyawa kuwa ta cushe shi.

Malam ya ɗauka aikin da marar lafiya ya kasa ke nan. Ya sa fartanya da shebur ya share lambatun tas, har lakar ƙasansa, sannan ya zuba wa kabejinsa takin zamani na sufa, ya saki ruwa.

Ba a jima ba ramin ya koma kore, da kauri kamar miyar kuka. Kifaye suka taso sama suna buɗe baki. Ya iske Adaku tana tsamo matattun da kwando.

"Maman Chimdi, me ya same su?"

"Malam, wani ya aske mini lambatu kamar kan jariri," in ji ta. "Oga da gangan yana barin ciyawa. Shi da laka suna riƙe takinka. In taki ya sauko, gansakuka ya ci ya ƙoshi, kifi ya rasa numfashi."

Malam ya ce, "Ni ne. Na zaci alheri nake yi."

"Na sani. Wa zai yi wannan wahala kyauta in ba kai ba?"

Ranar ya toshe bakin lambatun, ya daina ba kwamin ƙasan lambunsa ruwa, yana kallo kabejin wurin ya yi yaushi. Ya riƙa saro ciyawa da saiwarta daga bakin rafi yana dasawa a lambatun, bayansa yana ciwo.

Da yammacin da ragowar kifayen suka daina tasowa, aka fito da Alphonsus a kujera. Ya daɗe yana duban dashen, sannan ya ce da harshensa mai nauyi, "Malam, layinka ya karkace."

Malam Sharafaddeen ya durƙusa cikin laka. "To, maigida, nuna mini."

Alphonsus ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna.