Jan Ƙyalle a Tagar Mai Agogo

Tun da safe rediyo ke nanata cewa guguwa mai ruwa za ta iso kafin faɗuwar rana, don haka 'yan ƙungiyar ceto ta unguwa suka rufe shagunansu suka hallara a ofis. Ofis ɗin ma suna ne kawai. Tsohon gareji ne mai ƙofar ƙarfe, da mota ɗaya da sai an lallaɓa ta take tashi, da gadon ɗaukar marasa lafiya guda biyu, da igiyoyi rataye a ƙusa, da wani babban allo a bango. Ba mai albashi a cikinsu. Akwai tela, akwai direba, akwai malamin makaranta, akwai Mai Walda, wanda shi ne ya haɗa ƙofar garejin da hannunsa, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Shugabarsu tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, 'yar gajeruwa, ba ta ɗaga murya amma kowa yana shakkarta. Ita ta kafa dokar da ƙungiyar ta fi alfahari da ita. Duk wani tsoho ko maras lafiya da ba zai iya fita da kansa ba idan ruwa ya zo, sunansa yana kan allo, an ba shi usur da tocila, kuma yana da mutum ɗaya da ke kula da shi. Duk sati sai ka je ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka ga fuskarsa, ka gwada batirin tocilar, sannan ka dawo ka rubuta a littafin ziyara. Gida shida ne rabon Mai Walda.

To, Mai Walda mutum ne mai dabara, kuma dabarar ce ta kai shi ta baro. Bara ya yanka jan yadi gida shida ya raba wa tsofaffinsa. Ya ce kowa ya rataya a taga da safe idan ya tashi lafiya, ya cire da yamma, shi kuma zai riƙa gani daga kan babur a hanyarsa ta zuwa shago. Shugaba ta yaba, amma ta ce masa, "Ƙari ne wannan, ba madadin ƙwanƙwasa ƙofa ba." Ya ce haba, ai ko ba a faɗa ba.

Da farko yana shiga. Sai dai akwai Baba Mai Agogo, tsohon mai gyaran agogo da ke zaune shi kaɗai a saman bene a ƙarshen layi, wanda idan ya kama ka da hira sai ka manta da inda ka ajiye babur. Awa guda cur, ga aiki jibge a shago. A hankali Mai Walda ya koma rage gudu a ƙofar gida, ya ɗaga kai, ya ga jan ƙyalle, ya wuce. Ranar Asabar ya buɗe littafi ya rubuta, "Na gan shi, lafiya lau." Da abin ya yi masa daɗi, sauran gida biyar ɗin ma suka bi sahu.

Yanzu Shugaba tana tsaye gaban allo da alli, tana tsara yadda za a kwashe mutane zuwa zauren makaranta kafin ruwa ya sauko. Mota ɗaya ce, dole a bi layi.

"Mai Walda, yaya Baba Mai Agogo?"

"Garau yake, Shugaba. Jiya ma na gan shi."

"To, shi ne na farko. Bene ne, sai mutum huɗu da gado, zai ci mana kusan awa. Daga nan sai Inna mai ciwon ƙafa ta layin kwari, ita ma a rabonka take. Can ruwa ke fara taruwa, saboda haka kada a yi wasa."

Direba, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "A tanadi auduga a toshe kunne, yau Baba zai ba mu tarihin kowane agogo a ƙasar nan." Aka yi dariya, har da Mai Walda, wanda ya fi kowa ɗaga murya.

Yana waje shi kaɗai yana cika buhunan yashi sai ga wata mata ta tsaya a kansa, riƙe da 'yar leda. Za ta kai shekara arba'in, idanunta a gajiye.

"Sannu da aiki, malam. Wanda ake kira Mai Walda nake nema."

"Ga shi a gabanki. Lafiya dai?"

"Ni ce 'yar mai gyaran agogo. Daga wani gari nake, yau na zo kwashe kayan ɗakinsa kafin ruwa ya ɓata su. Na ga waɗannan da tambarinku, na ce bari in maido."

Ta buɗe ledar. Usur, tocila, da jan ƙyalle a ninke, rana ta cinye launinsa.

Mai Walda ya dubi kayan. "Ina shi Baban?"

Ta dube shi da mamaki. "Au, ba ku ji ba? Ai Baba ya rasu. Yau sati biyar. Ni na zo na ɗauke shi zuwa asibitin garinmu, kwana uku ya yi. Cikin ruɗewa na kulle gidan na bar ƙyallen nan a taga, sai yau na cire."

"Allah ya jiƙansa," in ji Mai Walda.

"Amin. Yana yawan zancenka fa. Ya ce kullum da safe yana jin babur ɗinka yana rage gudu a ƙofa. Ya ce mutum ne mai aiki da yawa, amma bai taɓa wucewa bai duba ba." Ta sa hannu a jaka ta ciro agogon hannu. "Wannan kuma ya ce naka ne, ka bar masa tun da daɗewa. Ya gyara, ya ajiye sai ka hau sama ka karɓa."

Agogonsa ne kuwa, mai tsagaggen gilashi, an sa masa sabo. Wata huɗu ke nan da ya ba tsohon, har ya manta da shi. Matar ta yi masa godiya, godiya ta gaske har da rusunawa, ta tafi. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya tura ledar ƙarƙashin buhu ya ci gaba da zuba yashi. Kunya ce ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda ke sa mutum ya ji kamar tufafinsa sun yi masa yawa. Sau biyar ya rubuta da hannunsa cewa ya ga mutumin da ke kabari. Ɗazu kuma, a gaban kowa, ya ce jiya.

Sai zuciya ta fara kawo masa shawara, ita kuwa ba ta rasa shawara a irin wannan lokaci. Matar ta tafi, ba wanda ya gan ta. Ya yi shiru mana. A je gidan, a tarar da kwaɗo a ƙofa, a yi ta bugu, a tambayi maƙwabta, shi ma ya buɗe baki ya yi mamaki tare da kowa, ya ce wataƙila wani ne daban ya hango a tagar ya zaci Baba ne. Abin da za a rasa bai wuce rabin awa ba.

Ya ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar ledoji a titi. Rabin awa ɗin nan ba nasa ba ne. Na Inna ne, wadda ɗakinta ke ƙasa da titi, wadda bara ruwa ya kai mata har bakin gado.

Motar ta yi tari sau biyu ta tashi. Tela da malamin makaranta suna cusa gado a baya. Mai Walda ya jawo ledar ya shiga garejin.

"Shugaba, a fasa zuwa bene. A wuce layin kwari."

"Saboda me?"

Ya zazzage ledar a kan tebur. "Baba Mai Agogo ya rasu. Yau sati biyar. Yanzu 'yarsa ta bar nan."

Direba ya leƙo ta tagar mota. "Kai, wane irin sati biyar? Ba kai ka ce jiya…" Sai ya haɗiye sauran.

"Ƙyalle na gani," in ji Mai Walda, idonsa a ƙasa. "Ban hau benen ba tun wata huɗu. Sauran gidajen ma haka. Ƙarya na yi ta rubutawa."

Shugaba ta nufi bango. Ta goge sunan farko a allo da gefen hannunta, ta ce wa Direba, "Layin kwari. Ku tsaya ku ɗauki mai shanyewar jiki na kusurwa, sannan Inna. Maza." Sai ta buɗe littafin ziyara, ta juya shi wajen Mai Walda, ta ajiye biro a kai.

"Ba ni zan gyara maka ba. Da hannunka."

Ya ja layi a kan rubutun nan biyar na Baba Mai Agogo, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana tsaye tana kallo. A na ƙarshe biron ya huda takardar.

"Saura gida biyar," ta ce. "Ban san ko su waye ke raye a cikinsu ba, kai ma ba ka sani ba. Riga motar zuwa wajen Inna ka shirya ta. Maganarka da ƙungiya sai bayan ruwa."

Ya hau babur. A ƙofar Inna jan ƙyalle na nan a taga yana kaɗawa, kuma sai da hannunsa ya rage gudu da kansa, kamar kullum, kafin ya tuna ya taka burki ya sauka. Ya ƙwanƙwasa.

"Wane ne? Turo, a buɗe take."

Tana zaune a bakin gado, ƙafafunta sun kumbura sun yi biyun yadda ya san su. Tocilarta na kan kujera. Ya danna, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"A'a, ɗana, kai ne? Lale, lale. Ka rame fa. Aiki ne ko?"

"Inna, mota na zuwa, za mu kai ki makaranta. Yaushe ƙafar ta zama haka?"

"Ta kwana biyu. Tun watan jiya ba ta kai ni taga."

Ya juya ya dubi tagar. Sai yanzu ya ga ƙusoshi biyu a kusurwoyin ƙyallen, an kafa su da kyau a jikin katako.

"Maƙwabcina na roƙa ya buga mini," in ji ta, tana murmushi kamar wadda ta yi abin kirki. "Na ce kada wata rana ka wuce ka ga babu, ka bar aikinka ka shigo a banza."

Mai Walda ya sake duban ƙusoshin. Ya ciro filaya daga aljihun wandonsa ya nufi tagar. Ɗigon farko ya fara bugun kwano, daga nesa kuma ana jin hon ɗin motar.

"Haba, ɗana, bar shi mana," ta ce, ganin yana zare ƙusar. "In ka cire, da me za ka gane ina nan?"

Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu, inda agogon yake.

"Zan ƙwanƙwasa, Inna."