Kafin Alƙalamin Mai Walda

Ranar Talata ce, hadari ya haɗo tun da safe amma ruwan ya ƙi sauka, gari ya yi zafi kamar an kife shi da tukunya. Mai Walda yana tsugune bakin shagonsa yana ɗinke ƙafar wata kujera, sai ga ƙanwarsa Auta a guje, takalmi ɗaya a hannu.

"Yaya, sun ɗauke ni! Duka biyun!"

Makarantu biyu ne. Ɗaya tana nan cikin gari, har ta yi mata rangwamen rabin kuɗi. Ɗayar tana can nesa, ta koyon haɗa magunguna, wadda Auta ta liƙa hotonta a bangon ɗaki tun tana aji uku. Kuɗinta kuwa, gidan nan bai taɓa riƙe irinsa ba, sai dai a ci bashin karatu.

Inna ta ce, "Ki ɗauki ta gida, 'yar nan. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ubanku bai bar mana bashi ba, kada ki fara da shi."

Auta ta ce to, amma idonta na kan bango. Mai Walda ya san irin wannan to ɗin. Shi ma ya taɓa faɗinta, ranar da aka cire shi daga aji biyu aka kai shi bakin ƙarfe.

Babbar makarantar ta nesa ta ce a fara biyan kuɗin riƙe gurbi. Nan Mai Walda ya yi lissafi irin na sana'arsa. A wurinsu, in ka karɓi kafin alƙalami, aiki ya hau kanka. Ko ƙarfe ya yi tsada, sai ka gama ƙofar mutane. To, in makaranta ta karɓi nasa, ta yaya za ta kori Auta?

Ya sayar da injin walda da janareta ga wani dillali, ya biya.

"Yaya, ta gida tana jiran amsa kafin Jumma'a."

"Ki ce musu mun gode, likitar gidanmu."

Inna ta ce, "Kai dai ba ka da gindin zama, ɗan nan. Ana sakin reshe kafin a kama wani?"

A ofishin ba da rance, ma'aikaciyar ta dube shi ta saman tabarau.

"Wa zai tsaya mata?"

"Ni ne, yayanta."

"Albashi?"

"Sana'a dai, ranki ya daɗe."

"Ba laifi, mai sana'a ma yana tsayawa, muddin yana da shago da kayan aiki. Gobe za a zo a gani."

Daga nan bai zarce ko'ina ba sai wurin dillali.

"Don Allah, maigida, aron injin na yini ɗaya kawai. Ko kunna shi ba zan yi ba."

Dillali ya yi dariya. "Ango, ai amaryar ta tare. Tun shekaranjiya aka loda shi a mota."

Ya bi masu walda na layin ɗaya bayan ɗaya. Kowa da aiki a gabansa, kowa ya ba shi haƙuri. Da mai dubawa ya zo, abin da ya tarar shi ne waya tana reto a bango, da baƙin tabarau, da guntayen ƙarfe. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya hau babur ɗinsa. Rance dai bai samu ba.

Mai Walda ya kira babbar makarantar.

"Amma kun karɓi kafin alƙalami!"

"Malam, gurbi muka riƙe mata, mun kuwa riƙe. In ba a cika ba, ya wuce. Kuɗin kuma ba a mayarwa."

Ya ja Auta suka tafi makarantar cikin gari. Ya durƙusa gaban magatakarda, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Magatakarda ya ce ya tashi don Allah, gurbin an riga an bai wa wata, sai baɗi, kuma ba tabbas rangwamen zai dawo.

A hanyar gida Auta tana gaba, bai iya jerawa da ita ba. Inna tana bakin ƙofa, ta matsa ta ba su hanya.

Injin walda ɗaya, janareta ɗaya, makaranta biyu, da shekarar Auta guda, duk sun tafi.