Ashe Ya Iya

Awa uku na roƙi maigidana ya riƙe min jaririya, ba kwana uku ba, in je in rubuta jarrabawar ƙarin girma a wurin aiki. Karon farko haihuwa ta hana ni, na biyu jinyar surukata. Wannan ne na ƙarshe. In ya wuce ni, sai dai in tsufa a kan kujerar da nake.

Maigidana makanike ne. Lokacin da yake nemana, bawan Allahn nan ya kwance injin motar babana ya haɗa a yini ɗaya, don dai in yaba. Amma wata takwas da haihuwar 'yarmu Lele, ko nafkin na ce ya canza mata sai ya ɗaga hannu: "Ni fa ban iya ba, kar in karya ta."

Na tatsi nono kwalba biyu, na rubuta komai na manna a jikin firji, na fita.

Ba mu daɗe da farawa ba mai sa ido ta taɓa kafaɗata. "Mijinki na bakin ƙofa da jaririya. Amma ki sani, in kin tsallake ƙofar nan, babu dawowa."

Na tsaya daga ciki. Lele na tsala kuka, shi kuwa ya miƙo min ita kamar an ɗora masa tukunya mai zafi.

"Maman Lele, karɓi 'yarki, ta ƙi yin shiru."

'Yata! Sai ka ce tsintar ta na yi a hanya. Tun daga inda nake warin ya gaya min matsalar.

"Baban Lele, kashi ta yi. Nafkin na cikin jakar da ke kafaɗarka."

"Haba, a gaban mutane? Taimaka miki fa nake yi."

Raina ya ɓaci. "Ba taimako ba ne, 'yarka ce. Mai kwance inji ba zai kasa kwance nafkin ba."

Na juya na koma kujerata. Kukanta na shigowa ta taga, nono ya jiƙa min gaban riga, na kare da mayafi na ci gaba da rubutu ina haɗiye hawaye. Can sai na ji shiru.

Da na fito, yana zaune a inuwa, Lele na barci a ƙirjinsa, kwalba ɗaya ba komai a ciki. Masu shara biyu sun tsaya a kansa suna ta sa albarka.

"Baiwar Allah, kin yi dace da miji," in ji ɗayar.

Na ɗaga rigar Lele, ina fatan in ga ya ɗaura a baibai, ko na samu abin dariya in huce. Nafkin ɗin ya zauna daram, har da hoda.

"Kin ga?" ya ce yana murmushi. "Ba wuya ma."

Wata takwas ke nan ina tashi daga kan abinci in canza mata nafkin. Ashe ya iya.