Bindigar Kakanmu a Ruwan Zafi

Ni dai sata na yi, ba zan ɓoye ba. Bindigar kakanmu ce, irin ta dā mai ɗuri ta baki. Shekara talatin tana kwance a bayan kabad ɗin Baba, ya kuma kafa doka kada wanda ya taɓa ta. Ranar da na leƙa na ga tsatsa ta fara cin ta, sai na naɗe ta a tsohon zane na sulale ta ƙofar baya. Na sani sarai, in ta lalace a hannuna, ni da Baba sai dai gaisuwa daga nesa.

Wurin wani tsohon maƙeri na kai ta, wanda ake kira Shiru-Shiru. Ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya ce ta yi sallama da harbi, amma kyanta zai dawo. Ya ce in ba shi sati biyu. Ni kuwa ba mu taɓa shiri da haƙuri ba, kwana huɗu sai ga ni a shagon.

Me zan gani! Ya raba ƙarfen da ƙota, ya rataye shi cikin wani akwati mai danshi, ga kwanon ruwa a ƙasa. Ƙarfen nan ya yi jawur da tsatsa tun daga sama har ƙasa, ya fi yadda na kawo shi muni sau goma.

"Baba maƙeri! Cirewa na ce ka yi, ba ƙari ba! So kake ka kashe ni?"

"Zauna, 'yata."

"Ba zan zauna ba! Ba ni kayana!"

"To, tsaya."

Ya ɗauko ƙarfen da ƙugiyar waya, ya tsoma shi a wani dogon kasko da ruwa ke tafasa a ciki.

Na ce, "Au, har da dafawa? In kawo maka gishiri?"

Ko kallona bai yi ba. Ina ta surfa masa faɗa, shi yana duba agogo. Da ya tsamo shi sai na ga jan nan duk ya koma baƙi. Ya sa burushin waya mai laushi ya share ƙurar sama, sai ga baƙi sumul yana ɗaukar ido.

Ya ce, "Maganin da na shafa ne ya kawo wannan tsatsar. In na dafa ta sai ta kama ƙarfen, ta tsare shi. Saura sau biyar. Za ki riƙa zuwa kina yi mini faɗan, ko kin gaji?"

Na yi dariya har da hawaye, na ba shi haƙuri, kunya kamar in nutse.

Ranar da na kawo ta gida, Baba na zaune a falo. Na ajiye a gabansa, na durƙusa, na faɗa masa wurin Shiru-Shiru na kai ta, ina jiran hukunci. Ya daɗe yana shafa ƙarfen da babban yatsa.

"Auta, kina zaton ban gan ki ta taga ba ran nan?"

"To, Baba, me ya hana ka yi magana?"

"Kunya. Ni na bar ta ta lalace, shi ya sa ba na so kowa ya gani." Sai kuma ya fashe da dariya. "Kai, tsohon nan ya iya! Wallahi haka take ranar da mahaifina ya ɗora mini ita a kafaɗa. Tashi tsaye."

Na miƙe. Ya dafa kujera ya tashi, ya ɗaga ta da hannu biyu, ya ɗora mini a kafaɗa.

"Ɓarauniya," ya ce, "ga kayanki."