Na'urar Modu Ta Ƙetare Kogi

Shekara biyu ina wannan aiki da hannu. Ƙungiyarmu tana da na'urori arba'in da uku a ƙananan asibitocin kwarin Komadugu, kogin da ya raba mu da Najeriya, kowace da sunanta. Kullum da safe in rubuta suna, in nemo adireshin IP ɗinta, in kwafe. Wadda ta ƙi fitowa, in kira mai ita.

Da na gaji, sai na rubuta ɗan script: ya bi sunayen, ya nemo adireshin, ya aika wa shugabanmu, shef Grema, rahoto da kansa. Don burgewa har na ƙara layin da ke faɗin ƙasar da adireshi ya fito. Ranar kaina ya kumbura.

Ran Talata shef ya kira ni, fuska a murtuke.

"Rahamatou, me na'urar Modu take yi a Najeriya?"

Modu ne malamin asibitin wani ƙauye gaba da Gagamari. Na duba: suna daidai, adireshi na Najeriya. Da la'asar babu ita sam. Washegari da hantsi ga ta a Najeriya kuma. Na karanta script ɗin sau goma, kaina ya ɗaure. A nan Diffa kuwa, da matsalar tsaron da ake ciki, a ce kayan aiki suna ƙetare kogi ba abin wasa ba ne. Kafin in gane komai, an dakatar da Modu.

Na bi motar ofis na same shi. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ƙona min rai. Ya ja ni cikin gonakin barkono har bakin ruwa, ya nuna wani kututture.

"Asibiti ba rezo, waya ba ta kamawa. A nan nake zama, in sa pis, wato layin waya, na Najeriya, in tura lisin sunayen marasa lafiya, in koma. Ƙafata ba ta taɓa ruwan nan ba."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwana. Ba ke ce ke kirana ba, in ce jira in gangara?"

A mota na buɗe tsofaffin takarduna. Ga adireshin Modu nan, irin na Najeriya, shafi bayan shafi, da rubutun hannuna. Kunya ta rufe ni.

Shef ya mayar da Modu aiki ran Jumma'a. Na kira in ba shi haƙuri.

"Ba komai," in ji shi. "Amma da, kafin a yanke min hukunci, tambayata ake yi."