Amsa ta Uku

A gidan marigayi Saja Aaron da ke unguwar Rikoto a garin Zuru an daɗe ba a san yadda za a kira Leah ba. Ba za a ce mata gwauruwa ba, kuma ba mijin da za ta nuna. Mijinta Dominic, ɗan marigayin, kofur ne a soja, ya tafi bakin daga can gabas auren nasu ko tsufa bai fara ba, aka yi musu kwanton ɓauna, daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Daga bariki aka aiko cewa ba a gan shi ba, ana kan nema. A Zuru, inda da wuya ka shiga ɗaki ba ka ga hoton mai kaki a bango ba, kowa ya san inda irin wannan saƙon yake ƙarewa. Sai dai babu mai son ya zama shi ne ya fara faɗa wa uwa. Aka zuba ido ana jiran wanda ya gani ya zo ya faɗa da bakinsa, a samu a yi sujadar jana'iza, a yi kuka a gama, Leah ta san matsayinta.

Joyce ƙanwar Dominic ce, ita ce mai digiri a gidan, kuma idan ta yi magana har manya sukan yi shiru. Ta gama bautar ƙasa tana zaman jiran aiki, sai ga wani banki ya buɗe ɗaukar ma'aikata. Ta cike fom, ta shiga lesin shirin jarrabawar bankin a wani shagon kwamfuta bayan kasuwa, wajen Malam Abdulrashid, mutumin Argungu. Ya taɓa aikin banki har aka rage ma'aikata aka haɗa da shi, amma bai yarda ya rabu da nektai ba. Cikin zafin nan da ke sa akuya neman inuwa, shi da nektai ɗinsa yake tsayawa gaban allo yana gumi.

Ranar farko ya zana da'ira, ya yanka ta kamar kankana. Ya ce wannan amfanin gonar ƙauyen Manga ne, ya ba shinkafa babban yanki, dawa ɗan siriri, ya tambaya da kashi nawa cikin ɗari shinkafar ta fi dawar.

"Malam, a Manga?" in ji Joyce. "Matar wana 'yar can ce. Dawa ce abincinsu. Wannan zanen ba gaskiya ba ne."

"Wa yat tambaye ki matar wanki?" Malam ya buga alli a allo. "In takarda ta ce mutanen Manga kifi suka shukawa, to kifi suka shukawa. Abin da anka ba ki shi za ki aiki da shi. Kayan gidanku ki aje su bakin ƙofa."

Aji ya kwashe da dariya. Joyce ta ji haushi, amma maganar ta zauna mata. Cikin 'yan makonni ta iya karanta jadawali kafin wasu su gama neman inda kansa yake, ta daina ruɗewa idan aka canza mata tan zuwa buhu a tsakiyar tambaya. Inda ta fi kowa kuwa shi ne ɓangaren tunani, inda ake ba mutum ɗan bayani, a kawo magana a ƙarƙashinsa, ya zaɓi ɗaya cikin amsa uku: gaskiya ne, ƙarya ne, ko kuwa ba a iya cewa.

"Duk awakin Rikoto suna cin takarda," Malam ya ce wata rana. "Akuyata tana cin takarda. Saboda haka akuyata 'yar Rikoto ce. Mi kunka gani?"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya, gaskiya ne. Joyce kaɗai ta ce ba a iya cewa, don ba wanda ya ce awakin wasu unguwanni ba sa cin takarda. Malam ya gyara nektai don daɗi. Ya ce yawancin masu faɗuwa jarrabawar nan tsoron amsa ta uku ke kayar da su, mutum ya ji kunyar cewa bai sani ba, sai ya cike gurbin da zato.

Ana cikin haka Philip ya zo. Abokin Dominic ne, tare suka shiga soja, tare aka tura su. Ya samu fas, hutun 'yan kwanaki, ko gidansu bai sauke jaka ba ya nufo Rikoto da hantsi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa gaban Mama Saloma, mahaifiyar su Dominic. Aka kawo ruwa bai taɓa ba. Nan da nan aka aika a kira Baba Abel, ƙanen marigayi Saja, matan maƙwabta kuma suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya suna gyara ɗankwali, ba wanda ya kira su.

Philip ya yi ta zagaye. Ya faɗi yadda hanyar take, da yadda harbin ya taso ta gefen da ba su zata ba. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai.

"Mama, ina kusa da shi lokacin da aka same shi. Na ga ya faɗo daga kan mota. Dominic namiji ne, ya yi aikinsa har ƙarshe. Sai haƙuri, Mama."

Mama Saloma ta ɗora hannu biyu a ka. Leah, da ke durƙushe bakin murhu, ta buɗe baki za ta saki kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Baba Abel ya riga ya fara tunanin ranar da zai faɗa wa fasto.

"A ina harsashin ya same shi?"

Joyce ce. Ni dai ban ga laifinta ba, wanta ne, shi ya riƙa goya ta zuwa makaranta a keke, kuma duk wanda aka nuna masa ƙofa a irin wannan ranar zai bi ta da gudu.

"Ban tsaya na duba ba," in ji Philip.

"Ka taɓa shi? Ka ga numfashinsa ya tsaya?"

Philip ya ɗaga ido ya dubi Mama, ya mayar ƙasa. "A'a."

"Da kuka koma wurin, ka ga gawarsa?"

 Wata tsohuwa ta yi wa Joyce alama da ido ta yi shiru, ba ta ko lura ba.

"Ban gani ba," in ji Philip.

"To abin da ka gani shi ne ya faɗo daga mota." Ta juya wajen Baba Abel, kalmominta a tsare. "Baba, mutum nawa aka harba suka tashi? Mutum nawa aka kama suka dawo bayan an cire rai? Da wannan bayanin ba a iya cewa ya mutu."

Mama Saloma ta sauke hannuwanta a hankali. Ta dubi ɗiyarta kamar yau ta fara ganinta. Baba Abel ya yi gyaran murya ya bar tunanin zuwa wurin fasto, don babu baffan da zai tsaya ya dage sai an binne yaron da uwarsa ta ce yana da rai. Matan unguwa suka tashi da hawayensu a ido, suka koma da shi gida. Philip ya sa takalminsa ya fita ba sallama.

Tun daga wannan makon Mama Saloma ta samu aikin yi. Kullum da safe sai ta yi wanka, ta ɗaura zanen zuwa coci, ta tafi tashar da motocin Kontagora ke sauke fasinja, ta zauna a bencin wata mai sayar da gyaɗa. Duk motar da ta tsaya sai ta miƙe. 'Yan kamasho suka saba da ita, har suna ce mata, "Mama, wannan babu soja ciki," don su rage mata wahalar tashi. Leah ke dafa abinci ta kai mata a kula da rana tsaka, ta jira ta ci, ta dawo ta share ɗakin da ba mai kwana cikinsa sai ita.

Da kaka ta yi, mahaifin Leah ya zo daga Manga ya roƙa a ba shi ɗiyarsa ta koma gida. Baba Abel ya ce shi ba shi da ikon sallamar matar mutum mai rai. Tsohon ya hau kekensa ya koma shi kaɗai. A zumuntar matan coci, idan aka ce gwauraye su fito a yi musu addu'a, sai a ga Leah ta ɗan ɗaga daga benci ta sake zama. Ta rame, wuyanta ya fito, ta daina kitso. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma ba mai iya yi mata ta'aziyya ko da baki.

Joyce kuwa ta je Birnin Kebbi jarrabawar bankin, ta zauna gaban kwamfuta cikin babban ɗaki mai sanyi, agogo na gudu a kusurwar allo. Zane-zanen suka zo, da jadawalin bashi da ajiya na rassan da babu su a duniya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda ya kamata ta ce ba a iya cewa ta ce. Ta ci. Aka kira ta intabiyu, nan ma ta ci, aka ce ta je reshen Sakkwato ta kama aiki.

Saura kwanaki kaɗan ta tafi, da la'asar, suna shanya a bayan gida ita da Leah.

"Matarmu, me zan aiko miki da albashin farko?"

Leah ta matse zanen da ke hannunta har ruwan ya ƙare.

"Anti Joyce, ke kika ɗaure maganar nan. Ki kwance ta kafin ki tafi. Ke kaɗai Mama ke ji."

"Amma ai ba mu da tabbas."

"Ni ina da shi. Tun da na ga Philip ya ƙi kujera na sani. Kowa ya sani. Ba aure nake nema ba, Anti. So nake in yi kukan mijina a gaban mutane, in koma wurin uwata."

Joyce ta kasa haɗa ido da ita. Ta shiga ɗaki ta nemo lambar Philip. Sai da ta kira ta sake kira kafin ya ɗauka.

"Don Allah, yaya Philip, ka faɗa mini abin da ka gani. Duka."

"Yanzu kike so?" Muryarsa a gajiye take, da ɗaci a ciki. "Na gan shi. Ni na juya shi da hannuna. Yadda yake ba abin da uwa za ta ji ba ne. Mota ɗaya ta rage mana, masu rauni muka cika ta da su, sauran muka bar su a can. Kina so in zauna gaban Mama in ce na bar ɗanta a daji na gudu? Kin tsare ni da tambaya gabanta kamar ɗan sanda. Me kike so in ce?"

Ta zauna a bakin gado. A karon farko tun da abin ya faru ta yi wa wanta kuka, kuka sosai, da filo a baki don kada a ji.

Washegari ta tari Mama kafin ta fita tasha. Ta durƙusa gabanta, ta faɗa mata abin da Philip ya ce, ta sassauta inda za ta iya. Mama Saloma na ɗaura ɗankwali, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Philip ɗin da ya ce bai gani ba?"

"Shi, Mama."

"Ranar nan a gabana ya faɗa, ina kallon idonsa. Yanzu a waya ya ce ya gani. Mutum ɗaya, magana biyu, wacce za mu ɗauka? Ke kin gani?"

"A'a, Mama, amma…"

"Ya kawo rigarsa? Ya kawo ko takalmi?"

"Mama, yaya Dominic ya mutu. Ni na yi kuskure ranar nan."

"Ba ki yi kuskure ba, ɗiyata." Ta dafa kanta, fuskarta cike da alfahari. "Da ba don karatunki ba, da sun sa na binne ɗana da ransa. Kada ki bari su juya miki kai yanzu."

Leah na tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Ta juya ta ci gaba da shara.

Ranar tafiya ba a sha wahalar rakiya ba, tunda Mama dama tasha take wuni. Aka ɗaura akwatin Joyce a bayan mota, ta shiga ta zauna gefen taga. Leah ta tsaya daga baya da kular abinci a hannu, ba ta matso ba. Direba ya tayar da mota, sai Mama Saloma ta sunkuyo ta taga ta kama hannun Joyce, ta rage murya.

"Na yi tunani. Albashinsu ta banki yake fita, ko? Duk inda yake, wata rana dole ya shiga banki. Duk mai kaki da ya shigo layinki ki dube shi da kyau. Wataƙila ya rame, wataƙila ya tara gemu. Kada ki yi saurin cewa ba shi ba ne."

Joyce ta dubi Leah ta saman kafaɗar uwarta. Leah na kallon ƙasa.

"To, Mama," ta ce.

Motar ta ja. Kafin su kai bakin titi Mama Saloma ta riga ta juya, wata motar Kontagora ta shigo tana sauke fasinja.